Abin da Ya Maye Gurbin Maye a Fezzan

Duk wanda ya taɓa zama a Sabha, ko wani gari na kudancin Libiya, zai iya ba ka labarin lagbi. Ruwa ne da ake tatsa daga kan bishiyar dabino. Mai tatsar yakan hau can ƙololuwa ya sassare ganyen tsakiya, ya feƙe kan bishiyar da wuƙa mai kaifi, ya yi wa ruwan 'yar hanya, sannan ya rataya tulu a bakinta. Dare farai ruwan yana ɗiga a hankali. Da asuba idan aka sauko da tulun, sai ka tarar da abu fari-fari mai sanyi, da zaƙi kamar an matse rake. Yaro ya sha, tsohuwa ta sha, liman ma ya sha ya yi hamdala. Amma a bar tulun nan a rana zuwa la'asar, za a ga ya fara kumfa yana tsami, kafin ya kwana kuwa ya zama abin da ke juya kan babban mutum. Ba a zuba masa komai ba. Ƙwayoyin yis da ke cikin iska da jikin tulun ne suke cinye sukarin su mai da shi barasa. Mu a nan mun san irin wannan a wurin bammi, sai dai namu daga kwakwar manja ko tukurwa ake samunsa.

Na fara da lagbi ne saboda a wurinsa ake ganin matsalar tsirara. A Turai da Amurka yau ana ta yayin abin sha marar barasa, ana sayar wa masu son rage giya kwalaben da suka yi kama da giya a ido da baki amma ba sa bugarwa, har wasu na ɗauka sabon abu ne. Mutanen Fezzan sun fi shekara dubu suna wannan lissafi, kuma tsakanin halal da haram a wurinsu ba kwalba biyu ba ce, tulu ɗaya ne, sa'o'i kaɗan ne a tsakani.

Fezzan ita ce yankin kudu maso yammacin Libiya, kwaruruka masu dabino a tsakiyar rairayi, kuma Sabha ce babban birninta a yanzu, tafiyar fiye da kilomita 700 a mota daga Tarabulus. Tun kafin Musulunci akwai wata al'umma a nan da Girkawa da Rumawa suka kira Garamantes, hedikwatarsu tana Jarma, yamma da Sabha. Sun haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, sun noma alkama da dabino da inabi. Masu tonon kayan tarihi sun sami tarin fasassun tulunan Rumawa a kaburburansu, irin waɗanda ake ɗauko man zaitun da giyar inabi a ciki daga bakin teku. Wato masu hali na wancan zamani giyar waje suke sha, a ɗauko musu ita a ƙetaro hamada. Talaka kuwa ga dabino a bayan ɗakinsa.

Rundunar Uƙbatu ɗan Nafi'u ta ratsa Fezzan wajen shekarar 666, daga nan Musulunci ya yi ta kafuwa sannu a hankali. Abin lura shi ne, matsalar da Musulunci ya tarar a Fezzan ita ce ya riga ya tarar a Madina, domin giyar mutanen Madina ma galibi ta dabino ce. Ɗalibai sun san cewa ba a rana ɗaya aka haramta ta ba. An fara da bayyana cewa cutarwarta ta rinjayi amfaninta a Suratul Baƙara, aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, sannan hani na ƙarshe ya zo a Suratul Ma'ida. Abin da ba a cika faɗa ba a wa'azi shi ne, ba a bar mutane da ruwan rijiya kaɗai ba. An bar musu nabizu, wato ruwan da aka jiƙa dabino ko zabibi a ciki. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) shi, yana sha har zuwa rana ta uku, abin da ya wuce nan ba ya sha. Har an yi hani da farko ga jiƙa shi a wasu mazubai, ciki har da duma, saboda suna sa shi saurin tsami. Ka ga ke nan tun farko shari'a ta san zancen lokaci da zancen tulu. Malaman Fezzan, waɗanda Malikawa ne irinmu, a kan wannan ma'auni suka ɗora lagbi: muddin yana da zaƙinsa bai fara bugarwa ba halal ne, da ya juya ya haramta, kaɗan ɗinsa da mai yawansa.

Hukunci a takarda ke nan. A bakin tulu kuwa, wa zai ce ga daidai lokacin da ya juya? Wanda ke son sha yakan ce da saura, ai har yanzu da ɗan zaƙi-zaƙi.

Kafin Sabha ta ɗaukaka, Murzuk ce babban birnin Fezzan, kuma a nan ne tarihinsu ya sarƙe da namu. Daga ƙarni na 16 zuwa farkon na 19 gidan sarautar Aulad Muhammad ne ke mulki a can, kuma idan Turkawan Tarabulus suka matsa musu, Katsina tana cikin wuraren da sarakunansu ke gudu su fake kafin su sake shiri su koma. Ayarin da ya tashi daga Kano ya bi ta Agadas da Gat, ko wanda ya tashi daga Kukawa ya bi ta Bilma, da yawansu a Murzuk suke sauke kaya. Ana jin Hausa da Barbarci a kasuwarta kamar a gida. Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki: da yawa daga masu jin Hausar nan ba fatake ba ne, bayi ne da aka koro a ƙafa, waɗanda suka tsira daga ƙishirwar hanya. Jikokinsu suna nan a Fezzan har gobe.

Turawan da suka bi ta Murzuk sun rubuta abin da suka gani game da sha. Friedrich Hornemann, Bajamushen da ya iso a 1798 cikin shigar ɗan kasuwa Musulmi, ya ce mutanen garin suna shan lagbi da wata giyar dabino mai ƙarfi da ake kira buza, kuma zaman hirarsu na yamma bai cika rabuwa da su ba. George Lyon na Ingila, wanda ya zauna a garin a 1819, shi ma ya ambaci lagbi. Haka Gustav Nachtigal, likitan da ya yada zango a can a 1869 a kan hanyarsa ta kai wa Shehu Umar na Barno kyautar Sarkin Furusiya. Ni dai ina karanta irin waɗannan labarai da taka-tsantsan. Baƙo yakan zauna ne kusa da fada da barikin soja, inda aka fi sakin jiki, kuma Baturen wancan zamani yana jin daɗin kama Musulmi da kofi a hannu. Duk da haka, mutum uku da shekara saba'in ta raba na farkonsu da na ƙarshe ba za su haɗa baki a kan ƙarya ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ana sha a Murzuk, bayan shekara fiye da dubu da zuwan Musulunci.

Akwai ma wata asara da ba ta shafi lahira ba. Bishiyar da aka feƙe wa kai ba ta yin 'ya'ya a shekarar, takan ɗauki shekaru kafin ta farfaɗo, in kuma mai wuƙar ya zarce to ta mutu ke nan. A ƙasar da dabino ne tuwo, shi ne kuɗi, shi ne abincin raƙumi, kowane tulun lagbi daga rumbun baɗi aka ɗebo shi. Shi ya sa mai hankali yakan zaɓi tsohuwar bishiya ko wadda 'ya'yanta ba su da kyau.

Abu na farko da ya zo daga waje ya zauna a gurbin giya a wannan hanya, daga wajenmu ya tafi. Goro ne. Tarihin Kano ya nuna an san goro a ƙasar Hausa tun ƙarni na 15, amma bayan jihadin Shehu Usmanu na 1804 ne cinikinsa ya bunƙasa ƙwarai. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya yi littafi a kan fataucin goro a 1980, yana cikin masu ganin cewa hana giya a daular Sakkwato ya taimaka wajen buɗe wa goro kasuwa. Hujjar tana da ƙarfi. Goro yana kore barci da yunwa, yana ɗan ɗaga rai, babu malamin da ya haramta shi, kuma uwa uba ana raba shi. A wurin Maguzawa tulun giya ne ke tara mutane a gayya da biki da sulhu. A wurin Musulmi ƙwaryar goro ce ta karɓi wannan aiki, har ya zama ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi, kuma kowace irin kyauta ta koma "goro". Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙa kora jakuna zuwa Gwanja, kasuwar Salaga, su dawo da shi. Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan jaki wajen 500 na goro ke shiga birnin a shekara. Wani kaso yana wucewa arewa, ana ta yayyafa masa ruwa ana sauya masa ganye, har Murzuk da Tarabulus, inda Larabawa ke kiransa gahawar Sudan. Amma kafin ya ƙetare hamada ya yi tsadar da sai attajiri. Talakan Fezzan bai bar lagbi don goro ba, domin ba shi da kuɗinsa.

Bari in ɗan ratse. Ita kanta kalmar gahawa, a tsohon Larabci ɗaya ce daga sunayen giya. Sufayen Yaman na ƙarni na 15 ne suka ɗora sunan a kan baƙin ruwan da ke taimaka musu raya dare, har a 1511 aka yi yunƙurin hana shi a Makka bisa zargin zamansa ya yi kama da zaman mashaya. Can Amurka kuma, a 1886, lokacin da birnin Atlanta ya hana sayar da giya, wani mai haɗa magunguna John Pemberton ya cire giyar inabi daga wani tsimi da yake sayarwa, ya fito da abin da ya zama Coca-Cola. Rabin sunan na biyu goronmu ne. Duk inda aka toshe wa giya hanya, sai ka ga an nemo wani abu mai ɗaci da ke wartsake jiki an ajiye a wurinta.

Abin da ya yi wa lagbi mai tsami illa ta gaske a Fezzan shi ne shayi, kuma bai daɗe da zuwa ba kamar yadda mutane ke zato. Wanda ya ga Buzu da butarsa zai rantse tun zamanin Annabi Nuhu suke tare. Alhali koren ganyen shayin nan daga Sin yake, jiragen 'yan kasuwar Turai ne suka riƙa sauke shi a tashoshin Maroko da Tarabulus, kuma sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ya bazu cikin hamada, shi da curin sukari. Zuwansa ya yi daidai da tashen ɗariƙar Sanusiyya. Sayyid Muhammad ɗan Ali as-Sanusi ya kafa zawiyarsa ta farko a ƙasar Libiya a Baida a 1843, ya koma Jagbub a 1856, ya rasu a can a 1859. Ɗansa Sayyid al-Mahdi ya mai da hedikwata Kufra a 1895. Zawiyoyinsu suka jeru a kan hanyoyin fatake, har cikin Fezzan, kuma suna da mabiya cikin Larabawan da ke kasuwanci a Damagaram da Kano. Zawiya makaranta ce, masauki ce, kotun sulhu ce, gona ce. 'Yan'uwan ɗariƙar sun tsananta a kan giya, sun ƙi taba, amma shayi suka rungume shi hannu biyu. Ahmad Hasanain na Masar, wanda ya ratsa Kufra a 1923, ya ba da labarin yadda karɓar baƙo a wurinsu ba ya cika sai an yi zaman shayi da ƙa'idojinsa.

A nan nake so mai karatu ya tsaya ya dubi yadda ake shayin, domin a ganina sirrin yana cikin yadda ake yinsa, ba cikin ganyen ba. Ba a dafa shahi, kamar yadda 'yan Libiya ke kiransa, a tukunya guda a rarraba a tashi. Ana hura gawayi a ɗan kasko. Mutum ɗaya ne ke zama gaban kayan, kuma matsayi ne, ba kowa ake bar wa ba. Ya zuba ganye mai yawa a 'yar buta, ya bar shi ya yi ta tafasa har ya yi kauri, ya sa sukari, sannan ya shiga ɗaga hannu yana kwarara shi daga wannan mazubi zuwa wancan, sau ashirin, sau talatin, har kumfa ta taru. Sai ya raba kumfar a ƙananan kofunan gilashi, ya tsiyaya shayin a kai. Wannan zagaye na farko ke nan, mai ɗaci da ƙarfi. Na biyu ya fi sauƙi, galibi da na'ana'a. Na uku ya fi zaƙi, a zuba masa soyayyar gyaɗa ko luz a ciki, a sha a tauna. Kafin a gama ukun an ci sa'a guda, wani lokaci biyu, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne.

To me mashayi yake nema a wurin shan giya? Mayen yana ciki, ba musu. Amma akwai zaman, akwai abokai, akwai abin riƙewa a hannu, akwai uzurin da zai sa magidanci ya bar gida bayan isha ya je inda za a saurare shi, akwai wani abu da ke zagayawa daga hannu zuwa hannu yana daidaita babba da yaro. Shayi ya ba da duk waɗannan, har da kumfar, ya kuma ƙara da ɗan bugun da ke sa hira ta yi armashi, sannan aka tashi kowa ya san hanyar gidansa, da asuba kuma ya ji kiran salla. Wa'azi ya shekara dubu yana cewa a bari. Shayi bai ce a bar komai ba, wurin zaman kawai ya riga lagbi shimfiɗa tabarma. Ban ce ya kashe shan giya a Fezzan ba, bai kashe ba. Amma ya mai da ita abin ɓoyo na 'yan tsiraru, ya ƙwace mata zaman yamma na mutanen kirki.

Shi ma shayin bai tsira daga zargi ba. Bayan Italiya ta mamaye Tarabulus a 1911, 'yan gudun hijirar Libiya sun shiga Tunisiya da butocinsu, al'adar ta kama can kamar wutar daji. A shekarun 1920 da 1930 likitocin Faransa suka ƙirƙiro wa abin suna na cuta, suka ce shan shayi yana raunana 'yan ƙasa, yana sa su lalaci, yana cinye kuɗin cefanensu. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen kuɗin, domin talaka yakan kashe abin da bai kamata ba a ganye da sukari, kuma ciwon sukarin da ya addabi ƙasashen nan yau ba daga sama ya faɗo ba. Abin dariyar shi ne, a daidai lokacin Faransawan nan sun cika Aljeriya da gonakin inabi, har ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da giyar inabi a duniya. Mai sayar da giya ne ke yi wa mai shan shayi wa'azin kamun kai.

Zamanin Turawa ya wuce da sauri a Fezzan. Italiyawa ba su riƙe ta sosai ba sai 1930, a 1943 kuma sojan Faransa ƙarƙashin Leclerc suka taso daga Chadi suka ƙwace ta, suka zauna a ganuwar Sabha, daga nan garin ya zama hedikwata. Libiya ta sami 'yanci ranar 24 ga Disamba 1951 ƙarƙashin Sarki Idris, jikan wanda ya kafa Sanusiyya. Jikan shehin shayi ne a kan gado, amma a Tarabulus da Bengazi mashaya a buɗe suke, saboda Italiyawan da suka rage da gonakin inabinsu, da sojojin Amurka na sansanin Wheelus, da ma'aikatan man fetur da suka cika ƙasar bayan an haƙo shi a 1959. Wani yaro ɗan makiyaya da ya yi karatu a Sabha daga 1956, aka kore shi a 1961 saboda jagorantar zanga-zanga, yana kallon wannan a matsayin tambarin mulkin mallaka. Sunansa Mu'ammar Gaddafi. Da ya kifar da sarki ranar 1 ga Satumba 1969, hana giya da rufe gidajen rawa suna cikin abubuwan farko da gwamnatinsa ta yi. A 1970 aka kori Italiyawan da suka saura, a 1974 kuma doka mai lamba 89 ta tanadi haddin bulala ga Musulmin da ya sha. Har yau, bayan faɗuwarsa a 2011, haramcin yana nan.

Doka ta ɗauke kwalba daga kanti, wannan gaskiya ne, kuma tsara guda ta tashi ba ta taɓa ganin mashaya a bakin titi ba. Ban raina wannan ba. Sai dai wanda sabo ya riga ya kama bai daina nema ba. Mai kuɗi ya sayi ta sumoga daga Tunisiya ko Malta. Marar kuɗi ya koma ga boka, ba bokan da muka sani ba, wata barasa ce da ake dafawa a ɓoye daga ɓaure ko dabino. A watan Maris na 2013 aka sayar da wadda aka gauraya da metanol a Tarabulus. Metanol ɗan'uwan barasa ne da ake amfani da shi a masana'antu. Idan ya shiga jiki hanta takan mai da shi guba mai cin jijiyar ido, cokali guda yana iya makantarwa, 'yan cokula kaɗan su kashe. Mutum fiye da dubu aka kai asibiti, kimanin ɗari suka mutu, wasu suka rasa ganinsu. Da yawa sun makara zuwa asibiti saboda tsoron kunya da hukuma, gubar kuwa ba ta nuna kanta sai bayan sa'o'i. Wani abin da zai ba ka mamaki, ɗaya daga magungunan wannan guba shi ne ita barasar ta ainihi, likita ya ba da ita da awo don ta shagaltar da hanta. An yi gudun gara an tadda zago.

A shekarar nan ta 2013, cikin Nuwamba, Hisbar Kano ta murƙushe kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a. Bayan shekara biyar, a watan Mayun 2018, gwamnatin Nijeriya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, bayan da aka fallasa yadda samari da 'yan mata, har da matan aure, suke shanye shi kwalba-kwalba a garuruwan da babu mashaya ko ɗaya a unguwanninsu. Libiya kuma tiramol ne ya cika ta, har a 2017 hukumomin Italiya suka kama ƙwaya miliyan 37 a tashar Genoa a kan hanyarta ta zuwa can. Sabha tana tsakiyar wannan hanya, domin duk abin da zai bi ta Agadas da Dirku da Gatrun, mutum ne ko kaya, ta nan yake ratsawa. Ba ina cewa hana giya ne ya haifi ƙwaya ba, ƙasashen da ba su hana ba ma suna fama da ita. Abin da nake cewa shi ne, mun iya fasa kwalba, amma ba mu cika tambayar inda yaron zai zauna da daddare ba, da wa, yana riƙe da me.

Kamfanoni su sun yi wannan tambaya, don ita ce kasuwarsu. A kantunan ƙasashen Larabawa akwai Barbican da Moussy da ire-irensu, ruwan sha'ir mai kumfa a kwalba irin ta giya. A Nijeriya kamfanin giya ne ya fito da Maltina a 1976, wani kamfanin giyar ya biyo da Malta Guinness, har ya zama babu walimar da ta cika a Kano ba tare da su ba, kuma ba wanda ke tuna daga wace tukunya suka fito. Ga wanda yake son ragewa, irin waɗannan suna taimakon wasu, domin hannu da baki sun sami abin da suka saba. Wasu kuwa ƙamshin ne ke tayar musu da tsohon ciwo ya mai da su ruwa. Kuma wanda jikinsa ya riga ya dogara da barasa, har hannunsa na rawa in bai sha ba, ba zoɓo ko kunun aya ne maganinsa ba. Yankewa farat ɗaya tana iya jawo masa farfaɗiya da ruɗewa, har ta kai ga rai. Wannan aikin likita ne, kuma a ƙasar da amsa laifin ke iya jawo bulala, zuwa wurin likitan ma jarumta ce.

Ni abin da ya fi burge ni ba ya cikin kwalba. A Damagaram da Maraɗi da Yamai, tun shekarun 1990 samari marasa aiki suka ƙirƙiro abin da suke kira fada: benci, rediyo, gawayi da butar shayi a bakin titi, kowace fada da sunanta da shugabanta. Manya suna yi musu kallon 'yan zaman kashe wando, kuma ba duka fadodin ne na Allah ba. Amma shayin nan da suke kwararawa sau uku, shi ne wanda ya bi ta zawiyoyi da zangon Buzaye ya gangaro kudu, a kan hanyar da goro ya bi ya hau arewa.

Wani ɗan'uwana da ya yi shekara huɗu yana aikin gini a Sabha ya ba ni labarin ɗakinsu. Su tara ne, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya, ba mai fita bayan magariba saboda harbe-harbe da masu kama baƙi don kuɗin fansa. A cikinsu akwai wani magini da ya zo da sabon sha daga wani gari na kudu inda ya yi zama, kuma a Sabha ya gano inda ake sayar da ta ɓoye, rabin abin da ya samu a can yake ƙarewa. Ba wanda ya yi masa wa'azi, don ya girme su duka. Dattijon ɗakin ne wata rana ya ce hannunsa na ciwo, ya tura masa kasko da buta ya ce, "Malam, kai za ka riƙa yi mana." Shayinsa na farko ba ya shawuwa, suka sha suka yi shiru. Da ya gwanance sai ya zama in bai dawo da wuri ba mutum takwas na zaune suna jiransa, har a aika yaro ya nemo shi. Ɗan'uwan nawa ya ce bai san ko mutumin ya daina gaba ɗaya ba, kuma ranar Juma'a wani lokaci yakan ɓace. Amma sauran kwana shidan yana gaban gawayi, yana faɗa da duk wanda ya taɓa masa kofuna. Da zai dawo gida, a cikin jakarsa har da buta biyu da ya saya a kasuwar Sabha, ya naɗe su cikin riga don kada su lotse a bayan mota.